Ƙuri'un 'Yan Majalisar Amurka da Buƙatun Masu Kantuna: Tambayoyi da Amsoshi

Da zarar zaɓe ya ƙarato a Amurka, sai ka ga ɗan majalisa ya baza hotonsa riƙe da lambar yabo, wai ƙungiyar masu kantuna ta shaida cewa shi nasu ne. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi fitowa daga bakin 'yan'uwanmu masu shaguna a can, da ɗalibai, da masu bibiyar siyasar ƙasar daga gida.

Me ake nufi idan aka ce ƙuri'un ɗan majalisa sun dace da buƙatun masu kantuna?

Majalisar dokokin Amurka gida biyu ce: ta wakilai mai kujeru 435, da ta dattawa mai kujeru 100. A kowace shekara ana kaɗa ɗaruruwan ƙuri'u na kiran suna, inda ake rubuta abin da kowa ya zaɓa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa sukan tsinci kaɗan daga ciki, waɗanda suka shafi aljihunsu, su ce a kan wannan muna son a ce eh, a kan wancan muna son a ce a'a. Daga baya sai su duba sau nawa kowane ɗan majalisa ya tsaya inda suke so. Wannan ita ce dacewar da ake magana.

Abin lura tun daga farko shi ne, mai auna makin shi ne mai tsara tambayoyin jarrabawar. Yawancin amsoshin da ke gaba a kan wannan suke komawa.

Su wane ne masu kantunan nan? Mai ƙaramin shago yana ciki?

Babbar cikinsu ita ce National Retail Federation, wadda aka fi sani da NRF. An kafa ta a 1911, ofishinta na Washinton, kuma Matthew Shay ke shugabantarta tun 2010. Tana yawan tunatar da 'yan majalisa cewa sana'ar sayar da kaya ita ke riƙe da aiki ɗaya cikin kowane huɗu a ƙasar, amma wannan lissafinta ne, kuma ya haɗa har da ayyukan da suka dogara da sana'ar a kaikaice. Akwai kuma Retail Industry Leaders Association, ta manyan kamfanoni irin su Target da Home Depot. Masu kantunan abinci suna da FMI da National Grocers Association, masu shagunan gidajen mai kuma suna da NACS.

Ƙananan 'yan kasuwa suna cikin wasu daga waɗannan ƙungiyoyi, kuma su ake fi turawa gaba idan za a ɗauki hoto ko a ba da shaida a gaban kwamiti. Sai dai buƙatar mai shago ɗaya a unguwar Bronx ta birnin New York ba kullum take zama ɗaya da ta kamfani mai rassa dubu biyu ba. Duba amsar kuɗin katin banki don ganin inda hanyarsu ta rabu.

Yaya ake lissafa makin?

Lissafin kansa ba shi da wuya. A ce ƙungiya ta ware ƙuri'u 10, ɗan majalisa ya bi ra'ayinta a 8, ya samu kashi 80 cikin ɗari ke nan. Kafin a kaɗa ƙuri'ar da za ta shiga lissafi, ƙungiyar takan aika wa ofisoshin 'yan majalisa wasiƙa cewa ga matsayinmu, kuma wannan za mu ƙirga ta. Hannunka mai sanda ne, kuma kowane ma'aikacin majalisa ya san ma'anarsa.

Ƙungiyar ƙananan 'yan kasuwa ta NFIB tana ba da lambar yabonta ga wanda ya kai kashi 70. NRF kuwa tun 2013 take ba da tata mai suna Hero of Main Street, wato gwarzon kasuwar cikin gari, kuma ba ƙuri'a kaɗai take dubawa ba: tana haɗawa da ƙudirorin da mutum ya gabatar ko ya sa hannu a kansu, da irin tsayawar da ya yi mata. Shi ya sa za ka ga mutum biyu ƙuri'unsu sun sha bamban amma duk sun karɓi lambar.

Waɗanne batutuwa ne suka fi damun masu kantuna a majalisa?

Kuɗin da bankuna ke yanka idan an biya da kati, harajin kamfanoni, harajin fito kan kayan da ake shigowa da su, dokokin ƙwadago da albashi, jigilar kaya, da satar kaya a kantuna. Na jigila ba kasafai ake ja-in-ja a kansa ba. Dokar gyaran sufurin jiragen ruwa ta 2022, wadda ta biyo bayan cunkoson tashoshin ruwa da tsadar kwantena a zamanin korona, ta wuce majalisar wakilai da ƙuri'a 369 da 42. A Disambar shekarar, da majalisa ta shiga tsakani don hana yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa ana dab da cinikin Kirsimeti, dattawa 80 ne suka amince, 15 suka ƙi. Irin waɗannan ƙuri'u kusan kyautar maki ce ga kowa. Sauran batutuwan ne ke raba kai.

Mece ce rigimar kuɗin katin banki, kuma me ya sa ake yawan ambaton Sanata Durbin?

Duk wanda ya taɓa riƙe shago a Amurka ya san wannan ciwon. Mai saye ya ɗauki kayan dala 40, ya goga kati, ya tafi. Abin da zai shiga asusun mai shago bai kai 40 ba, domin bankin mai katin da kamfanonin Visa ko Mastercard sun riga sun cire nasu. A katin bashi yankan kan kai kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari. A sana'ar da ribarta ba ta taka kara ta karya ba, kamar sayar da kayan abinci, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne.

A 2010 Sanata Dick Durbin na jihar Illinois ya cusa gyara a dokar Dodd-Frank ta sa ido kan bankuna, wanda ya umarci babban bankin ƙasar ya ƙayyade abin da manyan bankuna, masu kadarar da ta haura dala biliyan 10, za su riƙa yanka a katin cirar kuɗi. Gyaran ya samu ƙuri'a 64 da 33, da goyon baya daga jam'iyyun biyu. Bankuna ba su haƙura ba. A Yunin 2011 Sanata Jon Tester na Montana da Bob Corker na Tennessee suka nemi a ɗage aiwatarwa, suka samu 54 da 45, alhali 60 ake buƙata. Ƙuri'a shida ce ta ceci masu kantuna ranar. Babban bankin ya tsayar da santi 21, da kashi 0.05 na kuɗin cinikin, da santi ɗaya na kariya daga zamba. A cinikin dala 40 ɗin nan, santi 24 ke nan, maimakon kusan 44 da ake biya a matsakaici kafin dokar.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Kafin dokar, ƙaramin ciniki yana da rangwame. Bayan ta, kamfanonin katin suka ɗaga kuɗin ƙaramin ciniki ya kai iyakar da aka ƙayyade, sai mai sayar da kofi na dala biyu ya wayi gari yana biyan fiye da da, mai sayar da firji kuwa ya samu sauƙi. Ƙuri'ar da aka rubuta a matsayin nasarar masu kantuna ba ta yi wa kowa daidai ba. Yanzu faɗan ya koma kan katin bashi: tun 2022 Durbin da Sanata Roger Marshall, ɗan Rifablikan daga Kansas, suke gabatar da ƙudirin da zai tilasta wa bankuna masu kadarar sama da dala biliyan 100 su bai wa mai shago zaɓin wata hanyar biyan ban da ta Visa ko Mastercard kaɗai.

Ina labarin harajin cinikin intanet?

Shekara da shekaru masu shagunan gini suna kuka cewa su ana tilasta musu karɓar harajin sayayya na jiha, mai sayarwa ta intanet daga wata jiha kuwa ba ya karɓa, saboda wani hukuncin Kotun Ƙoli na 1992. Mutum zai shigo shagonka ya gwada takalmi, ya fita ya saya ta waya da rahusa. Wanda ya ja ragamar gyara wannan a majalisar dattawa, Mike Enzi na Wyoming, shi kansa tsohon mai shagon takalma ne. A ta wakilai kuma Steve Womack ne, wanda hedikwatar Walmart ke cikin mazaɓarsa a Arkansas.

A Mayun 2013 dattawa suka amince da ƙuri'a 69 da 27. Kalli waɗanda suka ƙi: sanatocin Montana da New Hampshire da Oregon, jihohin da ba su da harajin sayayya, duk sun ce a'a, kuma galibinsu 'yan Dimokurat ne. Ba aƙida ce ta raba su da masu kantuna ba, gida ne. Majalisar wakilai ba ta taɓa kawo ƙudirin gaban zaure ba, don haka wakilai 435 ba su da ƙuri'a ko ɗaya a kan batun da za a auna su da ita. Kotun Ƙoli ce ta kashe maganar a Yunin 2018, a shari'ar jihar South Dakota da kamfanin Wayfair, alƙalai 5 da 4.

Ashe ba 'yan Rifablikan ne kawai ke samun maki mai yawa ba?

A kan haraji da ƙwadago, haka ne. Dokar haraji ta Disambar 2017, wadda ta sauke harajin kamfanoni daga kashi 35 zuwa 21, ta wuce da 224 da 201 a wakilai, 51 da 48 a dattawa, kuma babu ɗan Dimokurat ɗaya da ya zaɓe ta. Masu kantuna sun daɗe suna neman ta, suna cewa su ne suka fi biyan cikakken harajin tunda cinikinsu a cikin gida yake. Shekarar da irin waɗannan ƙuri'u suka cika takardar maki, takardar ba ta gaya maka komai ban da jam'iyyar mutum.

Amma ɗauki mutum biyu daga jam'iyya ɗaya. Durbin ya tsaya wa masu kantuna a kuɗin kati da harajin intanet da dokar tantance masu sayarwa ta intanet, ya kuma saɓa musu a haraji da albashi. Tester ya yaƙe su a kati, ya ƙi harajin intanet, amma a Maris 2021 yana cikin mutum takwas na ɓangaren Dimokurat da suka ƙi gyaran Sanata Bernie Sanders na kai mafi ƙarancin albashi dala 15 a awa. Wane ne abokin masu kantuna a cikinsu? Ya danganta da ƙuri'un da aka tsinta a shekarar.

Me ya sa suke adawa da ƙarin albashi da ƙungiyoyin ƙwadago?

Albashi yana cikin manyan kuɗin da kanti ke kashewa. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa, kuma bai motsa ba tun Yulin 2009. A Yulin 2019 wakilai suka amince a kai shi 15 a hankali, da ƙuri'a 231 da 199, NRF ta yi adawa, dattawa kuma ba su taɓa shi ba. Haka dokar PRO mai sauƙaƙa kafa ƙungiyar ƙwadago: ta wuce wakilai a 2020 da kuma 2021, ta maƙale a dattawa.

A nan ma bakinsu bai zo ɗaya ba. Amazon ya kai mafi ƙarancin albashinsa 15 a 2018 kuma ya koma yana kiran majalisa ta ƙara na ƙasa baki ɗaya, Target ya kai 15 a 2020, shugaban Walmart na lokacin Doug McMillon kuma ya faɗa a 2019 cewa 7.25 ya yi kaɗan. Wanda ya riga ya biya ba ya ƙin a tilasta wa abokin gasarsa. Kuma ka sani, ƙuri'ar da ta ƙara wa ɗan majalisa maki a nan ita ce ta rage masa a takardar makin ƙungiyar ƙwadago ta AFL-CIO.

Harajin fito ya fi komai taɓa farashi. Me ya sa ba a cika ganinsa a takardar maki ba?

Domin majalisa ta daɗe da miƙa wa shugaban ƙasa wuƙa da nama, ta dokokin kasuwanci na 1962 da 1974. Harajin da aka ɗora wa kayan Chaina tun daga 2018 ba a kaɗa masa ƙuri'a ba. Ɗan majalisa zai iya yabonsa ko sukarsa a talabijin ba tare da an taɓa rubuta sunansa a ko'ina ba. Jefi-jefi ake samun ƙuri'a, kamar ta Afrilun 2025, lokacin da dattawa suka amince 51 da 48 a soke dokar ta-ɓacin da aka kafa hujja da ita wajen sa wa kayan Kanada haraji.

Babbar nasarar masu kantuna a wannan fage ma ba ta da ƙuri'a. A 2017 kakakin majalisa Paul Ryan da shugaban kwamitin haraji Kevin Brady suka so a sa tsarin da zai ɗora nauyin kashi 20 kan kayan da ake shigowa da su. Kantunan da rumbunansu ke cike da tufafi da kayan lantarki na waje suka haɗa gangami, suka cika talabijin da talla, suka yi ta sintiri a ofisoshin sanatoci. A ƙarshen Yuli aka janye maganar. Waɗanda suka kashe ta a bayan fage, babu wani lissafin ƙuri'a da zai nuna su.

Akwai ƙuri'un da ke yaudarar mai karatu?

Akwai, kuma suna da yawa. Na farko, ƙunshin dokoki. Dokar INFORM, wadda ta wajabta wa kasuwannin intanet tantance duk mai sayarwa da ya yi ciniki 200 na dala 5,000 ko fiye a shekara, a cikin katafaren kasafin Disambar 2022 aka saka ta. Wanda ya ƙi kasafin saboda yawan kashe kuɗi, a takarda ya ƙi dokar, ko da yana son ta. Haka kuskuren rubutu a dokar haraji ta 2017, wanda ya sa gyaran cikin shago sai an shekara 39 ana cire kuɗinsa daga haraji maimakon 15: a cikin dokar agajin korona ta Maris 2020 aka gyara shi, dokar da kusan kowa ya zaɓa saboda wasu dalilai dabam.

Na biyu, ƙuri'ar murya, wadda ba a rubuta suna. Na uku, ƙuri'ar tsari: a dattawa galibi ƙuri'ar rufe muhawara mai buƙatar 60 ita ce ta gaske, kuma shugaban masu rinjaye kan juya tasa zuwa a'a da gangan don ya samu damar sake kawo batun. Sai rashin halarta, wanda wasu ƙungiyoyi ke cirewa daga lissafi, wasu kuma su ƙirga shi a kan mutum.

Idan ɗan majalisata ya samu maki mai yawa, ni mai saye na ci riba ke nan?

Ba lallai ba. A harajin fito, buƙatar kanti da ta mai saye sukan zo ɗaya. A kuɗin kati kuwa, an yi alkawarin farashi zai sauka, amma wani bincike da masanan reshen babban bankin da ke Richmond suka yi ya nuna mafi yawan 'yan kasuwar da aka tambaya ba su rage ko sisi ba. Idan kuma kai ma'aikacin kanti ne, koma ka karanta amsar albashi.

Alƙaluman ƙungiyoyin ma a riƙa tauna su. A Disambar 2023 NRF ta janye iƙirarin da ta yi cewa gungun ɓarayi ne ke da alhakin kusan rabin asarar kaya ta dala biliyan 94.5 ta shekarar 2021, bayan an gano lissafin ba shi da tushe. Kafin nan adadin ya riga ya zaga.

Kuɗi ne ke sayen waɗannan ƙuri'u?

Doka ta hana kamfani bai wa ɗan takarar tarayya kuɗi kai tsaye daga asusunsa tun 1907. Abin da ake yi shi ne kafa asusun siyasa da ma'aikata da shugabanni ke zubawa, wanda zai iya ba ɗan takara dala 5,000 a zaɓen fidda gwani da wata 5,000 a babban zaɓe. A takarar sanata da ke cin miliyoyi, wannan cikin cokali ne. A ganina abin da kuɗin ya fi saya shi ne ƙofa: a ɗauki wayarka, a zauna da kai ana rubuta ƙudiri. Kuma galibi kuɗin yana bin wanda dama can ra'ayinsu ɗaya. A rigimar kati ma, ɗaya ɓangaren bankuna ne, waɗanda aljihunsu ya fi zurfi.

Ta yaya zan bincika da kaina?

Ka bar adadin makin, ka nemi jerin ƙuri'un da aka ƙirga. Shafin Congress.gov yana da kowane ƙudiri, da sunayen waɗanda suka sa masa hannu, da mahaɗar ƙuri'un kiran suna. Kuɗin yaƙin zaɓe yana shafin hukumar FEC mai sa ido kan kuɗin zaɓen tarayya, OpenSecrets kuma ya tsara shi yadda zai karantu. Masu kamun ƙafa dole su riƙa kai rahoto duk wata uku, a ƙarƙashin dokar 1995 da gyaran da aka yi mata. Ka ware batu biyu da suka taɓa shagonka da gaske, ka duba su kaɗai. Ko ba ka da takardar zama ɗan ƙasa, ofishin wakilin unguwarku zai karɓi kiranka, sai dai ba da gudummawar kuɗi ga ɗan takara an keɓe shi ga 'yan ƙasa da masu katin zama na dindindin.

Wannan ya shafi Afirka ta wata fuska?

Ta fuskar AGOA, dokar shekarar 2000 da ta bai wa kayan ƙasashen kudu da Sahara damar shiga Amurka ba haraji. Masu kantunan tufafi suna cikin masu matsa wa majalisa ta riƙa sabunta ta, saboda ɗinkin da suke saro wa daga Kenya da Lesotho da Madagaska. A 2015 majalisa ta tsawaita ta zuwa ƙarshen Satumbar 2025. Cire Nijar daga tsarin a Janairun 2024, bayan juyin mulkin Yulin 2023, shawarar fadar shugaban ƙasa ce, ba ƙuri'ar majalisa ba, kamar dai yadda aka bayyana a amsar harajin fito.

Za a iya auna 'yan majalisar Najeriya haka?

Da wuya, domin kayan aikin babu. Kusan komai da ƙuri'ar murya ake yanke shi: masu eh su ɗaga murya, masu a'a su ɗaga, shugaba ya buga guduma. Ba a cika kiran suna ba sai a gyaran tsarin mulki ko idan rigima ta yi tsanani, kamar a Yulin 2021 kan aika sakamakon zaɓe ta na'ura, inda sanatoci 52 suka tsaya gefe guda, 28 ɗaya gefen, 28 kuma ba a gan su a zauren ba. Washegari jaridu suka buga sunayen duka.